Sharhi: Mai Gadin da Bai San Ɗan Gida Ba

Gaisuwa ga mutanen Daɗin Kowa, da na Zarmaganda, da Rayfield, har zuwa Bukuru, da duk inda muryar nan ta kai a faɗin jihar Filato.

Yau za mu tattauna a kan wata 'yar matsala da ake rainawa, alhali tana jawo wa mutane asara mai yawa. Mutum ya zauna zai buɗe akwatinsa na imel. Ya rubuta adireshi daidai, ya rubuta kalmar sirri daidai, shafin ya yi kamar zai buɗe, sai ya mayar da shi inda ya faro. Ya sake gwadawa, ya sake mayar da shi. Wani lokaci shafin ya tsaya fari fat, wani lokaci kuma ya yi ta juyawa har data ta ƙare. Daga nan sai zargi ya tashi: ko an yi masa kutse, ko sabis ne, ko wayar ce ta tsufa.

Wata safiya ta hunturu, irin wadda sanyin Jos ke hana yatsu lanƙwasuwa, na shiga wani shagon kafe a nan Daɗin Kowa zan buga takardu. Na tarar da wani dattijo da 'yarsa. Yarinyar tana neman gurbin jami'a, ta manta kalmar sirrin shafin da za ta duba ko an ɗauke ta, an kuma aika mata hanyar sabunta kalmar ta imel. Imel ɗin ya ƙi buɗuwa a wayarta. Ga kalmar sirrinsa a rubuce a bangon littafinta, ta rantse ba ta taɓa canza ta ba.

Dattijon ya dubi saurayin da ke kula da shagon ya ce, "Ɗana, duba mana don Allah, ko ɓarayin intanet ne suka shiga?"

Saurayin ya gwada sau biyu, ya girgiza kai ya ce, "Baba, wannan kam ya tafi. A buɗe mata sabo kawai, aikin minti biyar ne."

Na ce masa, "Ƙanena, dakata tukuna. Wasiƙar da aka riga aka jefa a tsohon akwati ba za ta fito a sabo ba."

Muka duba saitin burauzar wayar, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita. Ashe yayan yarinyar ne ya ji ana cewa akwai wasu abubuwa da ake kira kukis masu leƙen asirin mutane, ya shiga ya toshe su gaba ɗaya don ya kare ƙanwarsa. Niyyarsa mai kyau ce. Muka buɗe abin da ya toshe, ta sake rubuta kalmar nan tata da ke bangon littafi, akwatin ya buɗe, ga saƙon yana jiranta. Babu ɓarawo, babu kutse. Da ta bi shawarar buɗe sabo, da ta bar takardunta a gidan da ta jefar da mabuɗinsa da hannunta.

To, mene ne waɗannan kukis ɗin, da har rashinsu ke rufe wa mutum ƙofa?

Shafin intanet, yadda aka gina shi tun asali, ba ya riƙe fuskar kowa. Duk sa'ad da ka danna wani abu, a wurinsa baƙo ne ya yi sallama, ko da kai ne ka yi magana da shi daƙiƙa biyu da suka wuce. A shekarar 1994 wani matashin injiniya mai suna Lou Montulli, a kamfanin Netscape na Amurka, ya samo mafita: shafi ya riƙa ba burauzar mutum wani ɗan guntun rubutu ta ajiye, duk lokacin da ta dawo ta nuna shi. Wannan ɗan rubutu shi ne kuki. Girmansa bai cika wuce kilobayit 4 ba, bai kai ko hoto guda nauyi ba.

Duk wanda ya taɓa zuwa asibiti ya san yankan kati. Ranar farko za a tambaye ka suna da shekaru da unguwa, a buɗe maka fayil. Fayil ɗin yana zama a ɗakin ajiya, kai kuma a ba ka ɗan ƙaramin kati mai lamba ka sa a aljihu. Da shi za ka wuce wurin likita, da shi za ka je ɗakin gwaji, da shi za ka karɓi magani, ba tare da an sake yi maka tambayoyin farko ba. Haka imel yake. Wasiƙunka suna can a manyan kwamfutocin kamfanin. Idan ka rubuta kalmar sirri aka yarda kai ne, sai a ba burauzarka ɗan kati, da shi take buɗe maka kowace wasiƙa.

Yanzu a ce ka yanki kati a taga, kafin ka isa ƙofar likita wani ya zare shi daga aljihunka. Mai tsaron ƙofa zai ce ka koma taga. Ka koma, a sake ba ka, a sake zarewa, a sake mayar da kai. Wannan kai da kawowar ita ce abin da yarinyar nan ta yi ta gani a wayarta. Kalmar sirrinta tana karɓuwa kowane karo. Katin ne ba ya zama a aljihu.

Sai mai sauraro ya tambaya, idan kukis suna da amfani haka, me ya sa ake toshe su? Dalilin yana da ƙarfi, kuma ya kamata a yi wa masu toshewar adalci. Kukis iri biyu ne. Akwai na mai gida, wanda shafin da ka ziyarta da ƙafarka ya ba ka. Akwai kuma na ɗan rakiya, wanda wani kamfani daban, galibi na talla, ya cusa maka alhali ba wurinsa ka je ba. Kamfanin tallan yana da wakili a dubban shafuka. Ka duba farashin takalmi a nan, wakilinsa ya gane katinsa a jikinka. Ka karanta labarin wata cuta a can, ya sake gane ka. Da sannu ya haɗa tarihinka: abin da kake so, abin da ke damunka, lokacin da kake kwanciya. Shi ya sa takalmin da ka duba jiya yake bin ka duk shafin da ka shiga yau.

Da bibiyar ta yi yawa, masu ƙera burauza suka fara ɗaukar masu gadi. Apple ya sa wa Safari tsarin hana bibiya a 2017, a watan Maris na 2020 kuma ya toshe kukis ɗin 'yan rakiya baki ɗaya. Firefox ya kunna tasa kariyar ga kowa da kowa a Satumbar 2019, a 2022 ya ƙara da ware wa kowane shafi tasa ma'ajiyar, don kada wani ya leƙa ta wani. Brave tun fitowarsa da mai gadi ya zo. Google ya yi alkawari a Janairun 2020 cewa Chrome zai rabu da irin waɗannan kukis cikin shekara biyu, ya yi ta ɗagawa, a Yulin 2024 ya janye alkawarin. Ban da waɗannan, akwai ƙananan manhajojin da mutum ke ƙara wa burauzarsa da kansa, irin su uBlock Origin da Privacy Badger. Hukumomi ma sun shigo. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki a Mayun 2018. A nan Najeriya an sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a a Yunin 2023, tare da hukumar da ke kula da ita.

Mutanen Daɗin Kowa ba sa buƙatar a koya musu darajar tsaro. A shekarun da Jos ta sha rikici, musamman 2008 da 2010, unguwar nan ta tsaya da ƙafarta, domin dattawan Musulmi da na Kirista, da mata, da matasa, sun haɗa baki sun tsare ta tare. Har wata mai bincike, Jana Krause, ta yi nazarin yadda aka yi hakan a littafin da ta fitar a 2018. Abin da ya sa tsaron ya yi aiki shi ne masu yin sa sun san juna, sun san ɗan gida, sun san baƙo. Mai gadin da ke cikin waya ba shi da wannan sanin sai an ba shi. Idan aka ce masa kada kowa ya wuce, zai tare ɗan leƙen asiri, ya kuma tare ɗan aiken gidanka da ya ɗauko maka wasiƙa. Maganin kuwa a gabatar masa da ɗan gida, a bar shi a bakin aikinsa.

Manyan kamfanonin imel, irin su Gmail da Yahoo da Outlook, sun daidaita shafukansu da gadin da burauza ke zuwa da shi daga masana'anta. Matsalar ta fi tasowa a wurare huɗu. Idan mutum ya toshe kukis duka, har da na mai gida. Idan ya ɗaga kariyar zuwa mataki mafi tsanani, ko ya jibga manhajojin toshe talla biyu ko uku. Idan tsohon kati ya lalace a ma'ajiya, ya ƙi fita ya kuma ƙi aiki. Sai kuma imel ɗin makaranta ko na wurin aiki, inda sau da yawa tagar yankan kati take a wani gida, ɗakin wasiƙu a wani gida daban, mai gadi kuma ya ɗauki katin a matsayin na baƙo.

To, jama'a, idan abin ya same ku, ga yadda za a bi shi daki-daki, daga mai sauƙi zuwa mai nauyi.

A fara da duba agogo da kwanan watan na'urar. Kati yakan zo da ranar ƙarewa, haka ma takardar shaidar da shafi ke nunawa don a san na gaskiya ne. Tsofaffin kwamfutocin da ke shagunanmu suna da ɗan batir mai kama da kwabo wanda ke riƙe agogo. Idan ya mutu, duk lokacin da aka ɗauke wuta agogon yakan koma shekarun baya, shafuka su ƙi buɗuwa. A gyara agogo, a sa ya riƙa saita kansa daga intanet.

Idan agogo daidai yake, a buɗe tagar sirri. A Chrome ita ce mai alamar hula da tabarau, ana samun ta a ɗigo ukun nan da ke saman kusurwar dama. Wannan taga tana farawa da aljihu wayam, kuma galibi manhajojin da aka ƙara wa burauza ba sa aiki a cikinta. Idan imel ya buɗe a can, an gano bakin zaren: ko tsohon kati ne ya lalace, ko wata manhajar toshewa ce ta tare hanya. An kuma tabbatar kalmar sirri lafiyarta ƙalau. Idan bai buɗe ba, a gwada wata burauza daban, ko manhajar imel ɗin kanta, kafin a yanke hukunci.

Daga nan a share kukis na shafin imel ɗin shi kaɗai. A taɓa 'yar alamar da ke gefen hagu na adireshin shafi, a nan ake samun wurin share abin da shafin ya ajiye. Ina jan kunne a nan. Akwai maɓallin da ke share kukis na dukkan shafuka a lokaci guda. Wanda ya danna shi zai tarar an fitar da shi daga kusan duk shafin da yake ciki a burauzar. Idan akwai asusun da ya shekara biyu bai rubuta kalmar sirrinsa ba har ya manta ta, to garin neman gira ya rasa ido. Kafin a yi shara ta gaba ɗaya, a tabbata kowane mabuɗi yana hannu.

Sai a waiwayi mai gadi. A shiga saiti, sashen sirri da tsaro, a tabbata ba a toshe kukis duka ba. A Firefox akwai alamar garkuwa kusa da adireshi, a Brave akwai kan zaki. Taɓa su yana ba mutum damar sassauta kariyar ga wannan shafin kaɗai, sauran shafuka kuma gadi ya ci gaba. Haka manhajojin toshe talla, kowacce tana da wurin da ake rubuta shafukan da aka amince da su. Wannan shi ne gabatar da ɗan gida.

Akwai wasu abubuwa biyu da suka shafi irin wayoyin da ke hannun yawancinmu. Mutane da dama suna amfani da Opera Mini don tsimin data. A matakinsa na tsimi mai tsanani, shafi yakan bi ta kwamfutocin kamfanin a matse shi kafin ya iso waya, kuma wasu shafukan shiga ba sa jure wannan matsar. A sassauta tsimin na ɗan lokaci, ko a yi amfani da wata burauza. Ga shi kuma a farkon 2024 Gmail ya daina samar da sassauƙan shafin nan nasa da tsofaffin na'urori ke dogara da shi, don haka sabunta burauza ya zama dole. Na biyu, idan aka taɓa mahaɗin shafi daga cikin Facebook, yakan buɗe ne a wata 'yar taga ta cikin manhajar, mai nata aljihun daban. Kada a yi ƙoƙarin shiga imel daga can. A fito a buɗe burauza sosai.

Kada wani ya ji wannan bayani ya ce to bari in kori mai gadi in huta. Katin nan da muke magana a kansa, duk wanda ya riƙe shi ya zama kai a idon shafi. A watan Maris na 2017 kamfanin Yahoo ya bayyana cewa a 2015 da 2016 masu kutse sun ƙirƙiri kukis na jabu, suka shiga asusu wajen miliyan 32 ba tare da sun buƙaci kalmar sirrin kowa ba. Wannan darasi ya shafi kowane shagon kafe daga Daɗin Kowa zuwa Terminus. Wanda ya buɗe imel a kwamfutar haya, ya gama, ya rufe tagar kawai ya tashi, ya bar katinsa a kan teburi. Wanda ya zauna bayansa zai iya shiga akwatinsa kai tsaye. Rufe taga daban, fita daga asusu daban. A danna fita, a ga shafin ya koma neman kalmar sirri, sannan a tashi. A kwamfutar da ba taka ba, tagar sirri ta fi, domin tana zubar da katin da zarar an rufe ta.

Haka kuma lokacin da imel ya ƙi buɗuwa shi ne lokacin da 'yan damfara suka fi samun sa'a. Mutum yana cikin ruɗu, sai ga saƙo ko kira, wai za a taimaka masa ya farfaɗo da asusunsa, ya dai karanto lambobin da aka turo masa a waya. Waɗannan lambobin mabuɗin gida ne. Ba a karanta wa kowa su, ko da ya ce daga kamfanin yake.

Abin da ya fi damuna a wannan lamari shi ne saurin da muke yi wajen cewa a buɗe sabo. Yau imel ya zama adireshin mutum a wurin hukuma. Da shi ɗalibi ke hulɗa da JAMB. Da shi wanda ya gama Jami'ar Jos ko wata makaranta ke rajistar bautar ƙasa. Da shi ake neman lamunin karatu a shafin NELFUND da aka buɗe a Mayun 2024. Da shi ake neman fasfo, da shi ake neman aiki. Duk waɗannan wurare suna riƙe adireshin da aka ba su tun farko, can za su ci gaba da aika saƙo. Matashi mai imel biyar, wanda ba ya iya buɗe huɗu daga ciki, ya warwatsa takardunsa a gidajen da ba ya shiga. Kuma tsohon akwati ba ya jira har abada: tun Disambar 2023 Google ya fara aiki da ƙa'idar da ta ba shi damar goge asusun da aka shekara biyu ba a taɓa ba. Layin wayar da aka ɗaura wa imel ma, idan aka daɗe ba a amfani da shi, kamfani yakan sayar da shi ga wani, lambobin farfaɗowa su riƙa zuwa hannun baƙo.

Don haka ina kira ga 'yan'uwana masu shagunan kafe da masu gyaran waya. Jama'a sun amince da ku, kuma da yawanku kuna aiki tsakani da Allah. Kafin ku ce wa mutum asusunsa ya tafi, ku duba agogo, ku gwada tagar sirri, ku duba saitin kukis. Duka bai fi minti goma ba. Ku bar mai asusu ya rubuta kalmar sirrinsa da hannunsa, ku kuma tuna masa ya fita kafin ya tashi.

Ina kira ga makarantu da ma'aikatun da ke ba mutane imel ko shafin rajista, su gwada shafukansu a kan ƙananan wayoyin da talaka ke riƙewa, da kariyar burauza a kunne. Bai dace a tilasta wa ɗalibi ya zaɓi tsakanin sirrinsa da takardarsa ba.

Ina kira ga iyaye. Ko ba ku iya na'ura ba, kuna iya tambayar yaranku abu huɗu: wane imel ka yi rajista da shi, ina ka adana kalmar sirrinsa, wane layi ka ɗaura masa, kuma layin yana aiki? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kai kuma mai sauraro, yau ɗin nan, tun babu abin da ya matsa maka, ka buɗe imel ɗinka. Ka duba lambar wayar da ke jikinsa, ka tabbata taka ce kuma tana hannunka. Ka bar mai gadinka a bakin ƙofa, ka nuna masa 'yan gidanka. Ranar da shafin ya mayar da kai baya, ka tuna akwatinka yana nan da wasiƙunka a ciki, ka nemi katin da ya faɗi kafin ka yi tunanin sauya gida.

Allah Ya ƙara wa Daɗin Kowa da Filato baki ɗaya zaman lafiya.